Babi na Bakwai: Maganaɗisun da Ya Ɓoye Kansa

Duk wanda ya samu maƙeri mai haƙuri zai iya gwada wannan. A ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, a ɗora guntun ƙarfe a kan gawayi, ɗan zuga ya yi ta aikinsa. Ƙarfen yana baƙi, maganaɗisu na cafke shi. Ya fara ja, har yanzu yana riƙe. Amma da zarar jan ya nuna sosai, sai riƙon ya saki, kamar ba su taɓa sanin juna ba. A janye shi ya ɗan huce, su sake ƙullewa. Wurin da ake rabuwar nan digiri 770 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma ana kiransa da sunan Pierre Curie, wanda ya nazarci al'amarin a birnin Paris a 1895. Mun riga mun ga dalili a babin da ya gabata: kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe tana ɗauke da ɗan maganaɗisunta, kamar allurar kamfas, ko kuma mu ce kibiya. A cikin sanyi kibiyoyin sukan fuskanci gefe guda. Zafi kuwa girgiza ne, idan ya kai wani matsayi sai sahu ya watse.

To, yanzu a ɗauki maganaɗisun nan a kai shi bakin kududdufin da ake haƙar jar ƙasa. Jan da ke jikin ƙasar nan, wanda ke rina ƙafar wando da ganuwar tsofaffin birane, mafi yawansa daga hematait yake, wato wani nau'in tsatsa, haɗin ƙarfe da iskar oksijin. Idan hematait tsantsa ne, kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa ƙarfe ne. Ba a nan abin ya tsaya ba: kibiyar kowace ƙwayar ƙarfe a cikin hematait ta kai kimanin ninki biyu na wadda ke cikin ƙarfen maƙeri. A lissafi, ya kamata jar ƙasa ta yi tsalle ta manne. Amma sai a ga ko gezau. Ɗan baƙin yashin da yara ke tarawa idan sun ja maganaɗisu a ƙasa, yawanci wani ma'adini ne daban, magnetait, ɗan'uwan hematait. Shi jan, shiru yake yi.

Ina kibiyoyin suka shiga? An ɗauki shekaru ana ɗauka cewa a irin waɗannan abubuwa a warwatse suke, kowace da inda ta sa gaba. Gaskiyar ta fi haka ban sha'awa, kuma wanda ya fara hango ta wani matashin Bafaranshe ne, Louis Néel, haifaffen birnin Lyon a 1904, wanda ya yi aiki a Strasbourg a ƙarƙashin Pierre Weiss. A rubuce-rubucensa na 1932 da 1936 ya kawo shawarar cewa akwai abubuwan da kowace kibiya a cikinsu ke juya wa maƙwabciyarta baya. Wannan ta dubi sama, ta kusa da ita ta dubi ƙasa, ta gaba ta sake duban sama, haka har ƙarshen kiristal ɗin. Kamar yadda ake shirya takalma a kwali ne, kan wannan a wajen dunduniyar wancan. Dangi biyu ne a cakuɗe, kowanne a jere tsaf, ƙarfinsu daidai wa daida, saboda haka daga waje babu abin da ake ji. Masana suna ce wa irin wannan abu antiferomagnet. A wannan littafi za mu ce masa maganaɗisun kai-da-ƙafa. Shi ma yana da zafin da tsarinsa ke rushewa, ana kiransa zafin Néel.

Wahalar wannan shawara ita ce yadda za a tabbatar da ita. Mutum ya ce akwai tsari a cikin dutse, amma alamar tsarin ita ce ba a ganin komai. Akwai 'yan shaidu na kaikaice. A 1938 wasu masana uku a Faransa, Bizette da Squire da Tsaï, sun auna yadda haɗin manganis da oksijin ke amsa kiran maganaɗisu yayin da ake sanyaya shi. Amsar tana ta ƙaruwa, kamar yadda aka saba gani, har zuwa wajen digiri 155 ƙasa da sifiri, sai ta juya ta fara raguwa. Wani abu ya faru a ciki ke nan, wanda ya ɗaure kibiyoyin ya hana su bin umarnin waje. Amma wannan bai nuna yadda suka jeru ba. Kuma akwai masu shakka da hujja mai ƙarfi. Dokokin kwantum, waɗanda ke mulkin ƙananan abubuwa, ba sa barin kibiyoyi biyu masu adawa su zauna cik. Sukan yi ta musayar matsayi, ta sama ta koma ƙasa, ta ƙasa ta koma sama. Hans Bethe ya warware lissafin layi guda na irin waɗannan kibiyoyi a 1931, kuma abin da ke fitowa daga lissafinsa ba jerin Néel ba ne. Masu shakka suka ce idan haka ne a layi guda, me zai hana musayar ta wanke tsarin a cikin kiristal duka?

Hasken eksire, wanda da shi aka gano yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa a cikin gishiri da ma'adinai, bai iya raba gardamar ba. Yana ganin inda ƙwaya take, amma a wancan zamani ba ya bambanta wadda kibiyarta ke sama da wadda tata ke ƙasa. Ana bukatar ɗan leƙen asiri da shi kansa ke ɗauke da maganaɗisu. Niyutiron, wanda James Chadwick ya gano a 1932, shi ne ya dace: ba shi da cajin lantarki, don haka yana ratsa abu ba tare da an tare shi ba, amma yana da 'yar kibiyarsa, kuma duk kibiyar da ya gifta sai ta ɗan karkatar da shi. Matsalar ita ce samun niyutiron masu yawa. Wannan sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga tukunyar nukiliyar da aka gina a Oak Ridge, jihar Tennessee ta Amurka, a 1943 domin aikin bam. A can Ernest Wollan ya fara harba niyutiron kan kiristal, Clifford Shull ya zo ya same shi a 1946.

A 1949 Shull da J. Samuel Smart suka ɗauki garin wannan haɗi na manganis da oksijin, suka auna shi sau biyu: a zafin ɗaki, da kuma a wajen digiri 193 ƙasa da sifiri. A cikin sanyi sai ga niyutiron suna fitowa ta wasu kusurwoyi da babu kowa a cikinsu a da. Ma'anar wannan tana da sauƙin fahimta. A ce an jera mutane masu kama ɗaya, amma hulunansu fara, ja, fara, ja. Wanda ba ya bambanta launi zai ce tsarin yana maimaita kansa bayan kowane mutum ɗaya. Mai ganin launi zai ce bayan kowane biyu. Niyutiron mai ganin launi ne, kuma sababbin kusurwoyin sun nuna cewa tsawon maimaituwar ya ninka sau biyu cif. A ganina wannan yana cikin gwaje-gwaje mafi kyau na ƙarnin da ya wuce, saboda ƙanƙantarsa da yadda ya yanke magana: shafuka kaɗan, zane biyu a jere, ɗaya da ƙarin tudu ɗaya babu. Shull bai samu kyautar Nobel ba sai a 1994, shekara 45 bayan aikin. Wollan ya rasu a 1984, bai ga ranar ba.

Akwai tambayar da ta rage. A cikin wannan kiristal ƙwayoyin manganis ba su taɓa juna ba, oksijin ne a tsakaninsu. Ta yaya suke sanin inda maƙwabci ya fuskanta? Hendrik Kramers na ƙasar Holan ya fara ba da amsa a 1934, Philip Anderson ya ƙarasa ta a 1950. Oksijin ɗin dillali ne. Yana da ilektiron biyu masu kibiyoyi kishiyoyin juna, ɗaya yana leƙawa wajen manganis na dama, ɗaya wajen na hagu. Kowane manganis yana karɓar baƙon ne kawai idan kibiyarsa ta dace da gurbin da ya rage a gidan. Tunda baƙin biyu kishiyoyi ne, masu masaukin ma dole su zama kishiyoyi. Shi ya sa kai-da-ƙafa ya yawaita a cikin tsatsa da ma'adinai. Abubuwan da ke da wannan tsari sun fi masu jan ƙarfe yawa nesa ba kusa ba. Mu ne dai ba mu da gaɓar da za ta ji su.

Jeren nan ba a sandare yake ba. Wanda ya taɓa kallon mazari a hannun mai kaɗi, ko katantanwar yara tana juyi a kan dandamali, ya san cewa abu mai juyawa idan aka ɗan ture shi ba ya faɗuwa; kansa ne ke fara zagaye yana tangaɗi. Kibiyar ilektiron haka take. Kuma tunda kowace a ɗaure take da maƙwabtanta, tangaɗin ɗaya yana jan ta kusa, ita ma ta ja ta gaba, kowace tana ɗan bayan wadda ta gabace ta. Abin da ke fitowa taguwa ce mai ratsa kiristal, kamar yadda iska ke bi ta kan gonar gero: babu karan da ya bar wurinsa, amma ana ganin sunkuyawar tana tafiya daga wannan kunya zuwa waccan. Felix Bloch ne ya lissafa wannan a 1930, ga maganaɗisu na yau da kullum. Hikimar ita ce araha. Kifar da kibiya guda ɗungurungum yana cin makamashi mai yawa, domin za ta saɓa wa dukkan maƙwabtanta lokaci ɗaya. Amma idan aka raba kifarwar ga miliyoyin kibiyoyi, kowace ta ɗauki ɗan kaɗan, kuɗin ya sauko ƙwarai. Ƙwaya guda ta wannan taguwa ana ce mata magnon, kamar yadda ake ce wa ƙwayar haske foton. Zafi kaɗan yana haifar da magnon kaɗan. Zafi ya ƙaru, su yawaita, su fara karo da juna, jeren ya yi ta raunana har a kai zafin da zai rushe.

A cikin kai-da-ƙafa taguwar tana da wani hali na daban, kuma a nan ne amfanin zamani yake. Dangin biyu suna tangaɗi tare, kuma a cikin tangaɗin sukan ɗan kauce daga zama kishiyoyi cif. Ƙarfin da ke maido su kan layi shi ne wancan na dillali, wanda ya fi duk wani maganaɗisun da ake haɗawa a ɗakin gwaji ƙarfi. Tsirkiyar baka idan ta yi tauri, rawarta takan yi sauri. Kibiyoyin maganaɗisu na yau da kullum sukan zagaya sau biliyoyi a sakan guda. Na kai-da-ƙafa sukan kai ɗaruruwan biliyoyi zuwa tiriliyan, wato kusan ninki dubu. Kuma taguwarsu tana tafiya kamar sauti, dogaye da gajeru kusan da gudu ɗaya, kilomitoci da yawa a sakan.

Lissafin wannan taguwa shi ne ya sasanta tsohuwar gardama. A 1952 Anderson a Amurka da Ryogo Kubo a Japan, kowa da nasa aikin, suka nuna cewa ko an kai kiristal ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da sifiri, tangaɗin ba ya ƙarewa. Musayar da masu shakka suka ambata gaskiya ce, tana nan, tana cin wani kaso na tsawon kowace kibiya. Abin da ya rage shi ne nawa take ci, kuma wannan ya danganta da yawan maƙwabta. A kiristal mai tsawo da faɗi da zurfi kaso kaɗan ne, jeren Néel ya tsira. A shimfiɗa guda ta ƙwayoyin tagulla, masu ƙaramar kibiya, kimanin kashi 60 cikin ɗari ne ke saura. A layi guda kuwa, irin na Bethe, komai ya tafi. Kowane ɓangare yana da gaskiya a filinsa. Ganin taguwar da ido kuma aikin Bertram Brockhouse ne a Chalk River ta Kanada. Ya ƙera na'urar da ke auna gudun niyutiron kafin ya shiga kiristal da bayan ya fito. Abin da ya yi asara shi ne kuɗin magnon ɗin da ya tayar. A 1957 ya auna irin wannan taguwa a cikin magnetait. Da shi Shull ya raba kyautar 1994.

Zafin Néel ya bambanta ƙwarai daga abu zuwa abu. Haɗin manganis da fulorin sai an kai shi digiri 206 ƙasa da sifiri kafin ya jeru. Haɗin nikel da oksijin yana riƙe da jerensa har digiri 250. Hematait yana kai wa wajen 680. Wanda ya fi burge ni shi ne ƙarfen kuromiyam tsantsa, wanda nasa yake digiri 38. Da za a ajiye kiristal ɗinsa mai kyau a inuwar wani zaure a Sakkwato a watan Afrilu, da asuba yana da tsari, da azahar ya rasa shi, da dare ya dawo da shi, kullum. Kuma rushewar ba a wofi take faruwa ba. Dab da iyakar, abu yana shan zafi fiye da kima ba tare da ɗuminsa ya tashi sosai ba, saboda makamashin yana tafiya wajen kwance ɗaurin kibiyoyi. Ko an haye iyakar, 'yan tsibiran tsari suna bayyana suna ɓacewa, kuma niyutiron yana ganinsu a matsayin dishi-dishi a daidai inda tudun yake a da. A wasu kiristal ɗin har siffar jiki takan motsa: haɗin nikel da oksijin da na manganis da oksijin, waɗanda ɗakunansu murabba'i ne ta kowace fuska, sukan ɗan matse ta kusurwa guda idan jeren ya kafu.

Ban da zafi, akwai wata hanyar sauya tsarin. A ɗora maganaɗisu mai ƙarfi daidai kan layin da kibiyoyin ke bi. Dangi ɗaya ya ji daɗi, ɗayan yana fuskantar akasi, kuma ba su da halin motsi. A yi ta ƙara ƙarfi, sai a wani matsayi dukkansu su yi wuf su kwanta a gicciye, har yanzu suna juya wa juna baya, amma yanzu kowa yana iya ɗan karkata wajen mai kira. Néel ya hango wannan tun 1936, aka gan shi a Leiden a farkon shekarun 1950. A haɗin manganis da fulorin yana faruwa idan ƙarfin maganaɗisun ya kai wajen tesla 9, ninki uku na manyan injinan hoton asibiti masu tesla 3.

Hematait yana yin irin wannan juyi da kansa, ba tare da an tilasta shi ba. F. J. Morin ya ba da rahotonsa a 1950: a wajen digiri 10 ƙasa da sifiri kibiyoyin sukan sauya alƙibla da kusurwar digiri 90. Ƙasa da nan, kishiyoyi ne cif. Sama da nan, wato a duk yanayin da muke rayuwa, suna kwance a shimfiɗe, kuma dangin biyu sun ɗan karkace da abin da bai kai digiri guda na kusurwa ba. Igor Dzyaloshinskii a 1958 da Toru Moriya a 1960 suka bayyana dalilin karkacewar. Saboda ita, sokewar ba ta cika ba, ɗan maganaɗisu kaɗan yana tsira. Bai isa ya ɗaga allura ba, amma ya isa jajayen duwatsu su riƙe alƙiblar maganaɗisun duniya na zamanin da suka kafu, har miliyoyin shekaru, kuma da irin wannan shaida aka bi sawun tafiyar nahiyoyi. Sai dai a lura: juyin Morin na kiristal mai girma ne mai tsabta. Hematait ɗin da ke cikin ƙasa sau da yawa gari ne laushi ƙwarai, gauraye da alminiyam, kuma hakan yana iya danne juyin gaba ɗaya.

Da Néel ya karɓi kyautar Nobel a 1970, ya faɗa a jawabinsa cewa waɗannan abubuwa suna da ban sha'awa matuƙa ga masu nazari, amma da alama ba su da wani amfani a aikace. Ya faɗi abin da ake gani a lokacin. Amma irin amfanin ya riga ya faɗa ƙasa. A 1956 Meiklejohn da Bean na kamfanin General Electric sun lura cewa ƙwayoyin kobal da tsatsarsu ta lulluɓe suna nacewa kan alƙibla guda: fatar kai-da-ƙafa, wadda ba ta jin kiran waje, tana riƙe maganaɗisun da ke manne da ita kamar turke. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus suka gano cewa siraran shimfiɗun ƙarfe da kuromiyam suna sauya yadda lantarki ke ratsa su gwargwadon ko shimfiɗun suna fuskantar gefe guda ko akasi. Aka haɗa binciken biyu, kuma daga 1997 kamfanin IBM ya fara sayar da faifan ajiyar kwamfuta mai kan karatu irin wannan, da turken kai-da-ƙafa a ciki. Wani reshen kuma ya ɓullo a 1986, lokacin da Bednorz da Müller a Zurich suka gano ma'adinan tagulla masu wuce da lantarki ba tare da asara ba. Uwar waɗannan ma'adinai kai-da-ƙafa ce. Sai an gauraya ta jeren ya rushe sannan baiwar ta bayyana, kuma masana da yawa suna ganin ragowar tangaɗin kibiyoyi na da hannu a ciki.

Abin da ake nema yanzu shi ne a rubuta bayani a cikin kai-da-ƙafa kansa. Dalilan su ne halayen da suka sa aka raina shi. Ba ya fitar da maganaɗisu, don haka ana iya cusa ma'ajiyoyi dab da juna ba tare da sun dami juna ba. Maganaɗisun waje ba ya goge shi cikin sauƙi. Ga kuma saurin nan na ninki dubu. A 2016 masana daga Nottingham ta Ingila da birnin Prague suka juya alƙiblar kibiyoyi a cikin haɗin tagulla da manganis da arsenik ta hanyar tura lantarki kawai, a zafin ɗaki, suka kuma karanta abin da suka rubuta. A 2018 wata ƙungiya a Jami'ar Mainz ta Jamus ta koma kan hematait. Suka shimfiɗa siraran wayoyin filatinam biyu a kan kiristal ɗinsa, suka sanyaya shi ƙasa da juyin Morin, suka ɗora masa maganaɗisu kusa da matsayin da kibiyoyi ke kwanciya a gicciye. Hematait ba ya wuce da lantarki, babu ilektiron da zai tsallaka daga waya zuwa waya. Suka tura lantarki a ta farko, ya ture kibiyoyin da ke ƙarƙashinta, sai ga sigina a ta biyu. Magnon ne suka kai saƙon, tazarar gomman maikiromita, kusan kaurin silin gashi, ta cikin ma'adinin da ke rina jar ƙasa.